Babur Ba Sirdi

Ran da Azi ya turo shi garejina a Farin Gada
yara suka watsar da sufana suka kewaye shi.
Babur ba sirdi, ba fitila, ba inda za a ɗaure buhu,
tanki bai fi gorar makiyayi ba,
ƙugu kamar na zanzaro.
Na ce, wa ya sace maka rabinsa?
Ya ce, Baba Sallau, haka aka haife shi.
A tsaye ake hawansa, dutse ne abincinsa,
wanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa, an rubuta masa laifi.

To mene ne ciwonsa?
In ya dira, sai ya yi tutsu kamar ɗan jaki,
ya cillo ni sama.

Shekara talatin da ɗaya ina kwance shokozoba.
Na yi wa 'yan acaɓa, na yi wa masu ɗauko kabeji daga ƙauye.
Su ƙarfi kawai suke nema:
mutum uku, buhu biyu, Allah ya kiyaye hanya.
Wannan kuwa ladabi za a koya masa.

Na ja yaron zuwa rumfar Ngo Kaneng mai dankali,
muka ɗora shi kan sikeli, da takalmi da hular kwano.
Kilo sittin da takwas.
Ta ce, ko buhu bai cika ba, ku ba shi tuwo.
Ashe sifirin da ke ciki
don wani ƙato aka naɗa shi, a ƙasar da ban san sunanta ba.

Na zare ƙafafun gaba.
Man da ya zubo baƙi ƙirin, kamar gindin ramin kuza.
Na wanke da kananzir, na sa sabon sil,
na auna mai da sirinjin kemis,
don iska ma tana da nata gurbin a ciki.
Washa sirara kamar ɓawon albasa
na jera kan tsumma,
na cire ɗaya, na mayar,
na sha shayi, na sake cire ta.
Sifirin baya sati uku muka jira shi,
motar dare ta kawo shi daga Legas a kwalin sabulu.
Na ɗaura faranti a ƙarƙashin injin,
na sassauta kuloci har yatsa ɗaya ya ishe shi,
na rage iskar taya sai da ta yi laushin kunci.

Asabar muka nufi Shere.
Gajimare na kwance kan duwatsu bai tashi ba.
Gwiwata ta hagu, wadda tirela ta gaisa da ita
shekarar da aka haifi Talatu,
ta ce nan za ta tsaya.
Na zauna a gindi, sukudireba a aljihu.

Ya hau.
Ya tsaya cak a kan taya biyu, kamar zalɓe a bakin ruwa,
injin na numfashi ƙasa-ƙasa.
Sai ya durƙusa, babur ya durƙusa tare da shi,
suka miƙe tare,
tayar baya ta manne wa dutse kamar ƙadangare.
A gangara ƙafa ta sauka.

Yana dawowa da gaggawa, Baba.
Na juya noti, ƙas, ƙas.
Ya koma. Ƙafa ta sake sauka.
Na ce, wannan ba tawa ba ce.
Ka ƙame gwiwa kamar mai jiran mari.
Sake ta. Ita ce shokozobar fari,
tawa 'yar rakiya ce.

Karo na biyar ya sauko, tafin takalminsa a bushe.
Ba wanda ya tafa.
Awaki ne, sai wata mata mai fasa tsakuwa
da ta ɗaga kai, ta koma kan gudumarta.

Da dare ina shafa wa gwiwa man zafi,
na tsinci yatsuna suna laluben gefenta,
suna neman inda za su juya,
ƙas, ƙas.