Minti Arba'in a Maraɗi

Direba ya ce minti arba'in,
wanda bai dawo ba, ya bi Damagaram da ƙafa.

Na tari kabu-kabu zuwa Mokoyo,
gidan Inna Tabawa da ta goye ni.
Ta ce zauna. Na ce mota.
Ta ce ba a shan fura a tsaye.

Gaisuwa kaɗai ta ci minti goma.
Agogo na cizon hannuna.
Ta ƙulle ƙuli-ƙuli a leda,
ta kwance, ta ƙara uku, ta sake ƙullewa.

Na iske motar tana gurnani,
yaron mota rataye a ƙofa.
Na faɗa kujerata ina haki.

Sai a Tasawa na tuna
ban ce mata sai wata rana ba.