Ɗinkin Lokotoro Zuwera

Shekara ashirin da bakwai ina taka keke a Kasuwar Dole,
ina buɗa wa masu tumbi ƙugun wando,
nawa kuwa kullum ragi.
Har mazagi ya zagaye ni sau biyu.

Ban taɓa tari ba.
Shi ya sa da suka ce tarin fuka, na yi dariya,
dariyar ta murɗe ni.
Ashe shi ma yakan ɓata hanya,
ya wuce ƙirji, ya gangara,
ya kama haya a hanji.

Wata shida ina haɗiyar ƙwaya kafin assalatu,
fitsari ja kamar tofin goro.
Cutar ta mutu, ta bar gadon tabo,
tabon ya tsuke hanya kamar ƙugun zanzaro.
Tuwo ya je ya tsaya
kamar jarkokin Garin Malam ranar da famfo ya yi shiru.
Cikina na ƙugi, Cima na ƙirgawa a duhu,
ta ɗauka ban san idonta biyu ba.

Lokotoro Zuwera ta tambayi sana'ata,
sai ta kama hannun rigata ta matse.
"Wuri uku ne.
Biyu in tsaga a tsaye, in ɗinke a kwance.
Na ukun ya ci, sai yanka,
in haɗa baki da baki."
Na ce, ba za ki sa ƙari ba?
Ta ce, "Wannan yadin ba a bar mana ragowarsa ba."

Na farka da roba a hanci,
harshe kamar tsohon kilishi.
Kowace safiya majo ya leƙo:
"Baba tela, iska ta fita?"
Abin da na yi shekara hamsin ina ɓoyewa
shi ake jira kamar watan salla.
Kwana na uku ta fito, 'yar siririya,
har mai karaya a gadon ƙarshe ya ce barka.

Cokali biyu na koko.
Na bi su da kunne har suka wuce.

Yau na ɗaga riga a bayan shago, na duba aikin:
tsaka-tsakin bai yi daidai ba.
Da Mutari yarona ne, da ya warware.
Amma na cikin, wanda ba zan taɓa gani ba,
ya riƙe tuwon jiya da miyar kuka,
har da ƙanzo.

Miƙo almakashi, Mutari.
Wandona ne.
Yatsa ɗaya zan buɗa.