Minti Uku

Talatar farko ta kowane wata,
a ɗakin taro na bayan laburare,
inda hita ke tari kamar tsohon da ya ƙi magani,
hukumar sufurin gundumarmu kan zauna.
Kujeru bakwai, butar kofi guda, tutar Minnesota a lungu.
Ni ce mai rubutawa. Shekara sha ɗaya ke nan
ina matse maganar mutane ta koma layi ɗaya.

Daren nan shida suka zo.
Kujerar Gordon Pelletier wayam,
sunansa kaɗai ke zaune a kan tebur.

Shugaba Lowell Tvedt ya gyara tabarau:
batu na biyar, bas mai lamba sha huɗu,
sawun ƙarshe, sha ɗaya da arba'in na dare.
Akanta ya haske bango da lissafi.
Fasinja tara, ranar da aka yi ciniki.
Kowane kai na cin dala sha bakwai daga asusu.
Mai ya hau, taya ta hau, haraji ya kafe.
Bai yi ƙarya ba. Na duba da kaina.

Ta taga ina hango motocinsu shida a jere,
dusar ƙanƙara na lulluɓe su a hankali.

Sai aka ba jama'a fili.
Jama'ar kuwa mutum ɗaya ce:
Irja Koskela, mai wankin zannuwan asibiti,
da jar hular ulu, da takalmin da gishirin titi ya ci wa baki.
"Minti uku," in ji shugaba, ya danna agogo.

Ta ce, "Sha ɗaya da kwata nake tashi aiki.
Tashar tana gaban kantin magani, ba ta da rumfa.
Ni da Tyrell mai gadi, da yarinyar gidan burodi,
nan muke tsayawa. Ban iya jawabi ba.
Abin da na iya shi zan yi muku."

Ta zuba hannuwa a aljihu.
Ta juya fuska hagu, inda bas kan ɓullo.
Ta yi shiru.

Hita ya yi tari.
Darlene Oyen ta murza biro har ya suɓuce.
Wani ya leƙa waya, kunya ta kama shi, ya kife ta.
Shugaba ya buɗe baki, doka ta rufe masa,
don lokacin nata ne, ta cika shi da magana ko da iska.
Ban san minti biyu na da faɗi haka ba,
mutum zai iya daskarewa a ciki.
Alƙalamina ya tsaya a sama
kamar ƙafar da ta nemi matakala ta rasa.

Agogo ya yi ƙara.
"Wannan biyu ne," ta ce. "Mu ashirin da biyar muke yi.
In kun cire ta, sai asuba."

Aka ɗaga hannu. Uku su ce a cire,
uku su ce a bari. Idanu suka koma kan kujerar wofi.
Nan saƙon Gordon ya shigo:
sanyi ya kashe masa batir, a yi masa afuwa.
Unguwarsu ba bas tun bara waccan.
Shi ya kawo shawarar sokewa. Ni na rubuta.
Ban ce komai ba, ba aikina ba ne.

An ɗage batu na biyar zuwa watan gobe.

Irja ba ta jira ba ma,
hutun cin abincinta ne ta kashe mana,
injinan wanki na can suna juyi ba ita.

Na zauna ni kaɗai bayan an tsiyaye kofi.
Abin da na saba sawa: "An saurari jama'a."
Na rubuta, na soke.
Na sa sunanta, na bar layi biyu fari fat a ƙasa,
duk wanda ya zo karantawa
ya ɗan tsaya.