Akwatin Malama Kaneng

Ina gadin ɗakin ajiyar dankali a Farin Gada.
Daga ƙarfe goma zuwa kiran assalatu
ba ni da abokin hira
sai ɓera, da ƙwan fitila ɗaya.

Na taɓa sayen ƙamus a Taminus,
mai kauri kamar bulo.
Na ce zan haddace Turanci daga harafin farko.
Wata huɗu ban wuce shafi na tara ba.
Ya koma matashin kai,
kuma a nan ya yi amfani.

Ƙanƙara ce ta kora ni wata Asabar
ƙarƙashin rumfar wani aji a Gangare.
A ciki, wata mata mai rigar sanyi biyu
ta buɗe akwatin ƙarfe irin na 'yan kwana.
Littattafai sirara,
kowanne da fenti a ƙeya:
kore, rawaya, ja.

Ta ce, buɗe ko'ina ka karanta.
Duk kalmar da ta gagare ka, lanƙwasa yatsa.
In hannu ya dunƙule kafin shafi ya ƙare,
mayar, ba naka ba ne tukuna.

Na ɗauki ja, saboda furfura.
A layi na shida na yi dunƙulen dambe.
Ta miƙo mini kore,
shafi goma sha shida, da hoton kare.
Na ce, Malama, 'ya'yana huɗu fa.
Ta ce, Gwadabe, kududdufin kuza
ba ya tambayar shekarun mutum.
Daga gefe ake shiga.

Karen ya ɓata a tashar jirgi.
Kafin shayina ya huce an gan shi.
Na sake karantawa don in tabbata
ni ne na gama littafi.

Ba jarrabawa. Ba wanda ya ce tashi ka maimaita.
Wani littafin ya gundure ni,
na mayar da shi rabi,
ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Ashe kalma kamar baƙon kasuwa ce.
Ganin farko, ka wuce.
Na uku, ka ɗaga hannu.
Na bakwai, kana tambayar ta mutanen gida,
ba tare da wani ya haɗa ku ba.

Ina jan layi da gawayi a bayan ƙofa.
Kore ashirin da uku.
Rawaya, na daina ƙirga.

Daren da ba na mantawa,
wata mata ce a kwalekwale, ruwa na shiga,
tana kwarfewa da takalmin mijinta.
Direban Bokkos ya yi ta danna oda a waje
da buhu tamanin a baya,
ban ji ba.
Sai da ya doki ƙofa na gane
tun ɗazu ban juya komai zuwa Hausa ba.
Tsoron ya zo mini kai tsaye,
bai tsaya wurin tafinta ba.

Har yau in na buɗe baki
Turancina yana ɗingishi,
Bintalo tana dariya a bayan mayafi.
Amma takardar maganin uwarta
ni na karanta, yatsa biyu kawai na lanƙwasa.

Matar kwalekwalen fa?
Shafin ƙarshe a yage yake.
Malama ma ba ta sani ba,
a haka aka ba ta shi.
Wani a garin nan ya ci ƙosai
a cikin ƙarshen labarina.

Shi ya sa kowace safiya, in na sauka aiki,
ba na yar da takarda.
Ina tsayawa gefen kasko,
in miƙe ta a gwiwa,
in duba ta cikin maiƙon
ko ta kai gaɓa.