Sannu, Tunau

Na sai da shanuna biyu a kasuwar Ribah,
Na haɗa da adashin da Yaya Ige ta kwasa,
Injin buga fosta, na hannu, shi na saya.

Tsawonsa ya ɗara gadon da nake kwana.
Mu shida muka ɗaga shi, kowa na nishi,
Mai shago na ihu: "A daidaita, kar a karkata!
Tawada ba ta san wasa ba in an juya."

Isiyaku makaniki ya zo tun da sassafe,
Ya zare robobin tawada guda huɗu,
Shuɗi, rawaya, baƙi, da jan nan mai kama da zoɓo,
Ya toshe bakin kowane bututu da leda,
Ya tura kan injin can kusurwa ya ɗaure.
Ya ce, "Ɗan abin nan da bai fi tafin hannu ba,
Shi ne rabin kuɗinka, saura ƙarfe ne da waya."

Muka kwance ƙafafu, notuna a gwangwanin madara,
Katifata na shimfiɗa masa a bayan kanta,
Bargo biyu, tamfol, sannan igiya.

Tunau direba ya leƙo yana sakace:
"Wanga wane irin kaya na?
Na ɗauki shinkafa, na ɗauki raƙumi,
Ban taɓa ɗaukar mai kwana bisa katifa ba, gaskiya."

Na ƙi kujerar gaba, na rakuɓe kusa da shi.
Birnin Kebbi zuwa Jega, kwalta sumul,
Har na fara gyangyaɗi, hannuna bisa bargo.
Da muka bar Koko muka miƙi Mahuta
Sai gargada ta ce ga ni, ta cika hanya.

Kowane rami a haƙarƙarina yake sauka.
In buga rufin mota: "Sannu, Tunau, sannu!"
Ya zuro kai ta taga: "Haka za mu kai Zuru?
Jakin kara ya wuce mu, yara na dariya."

A shinge wani mai kaki ya haska tamfol,
Ya ga dogon abu a lulluɓe, ni a tsugune,
Ya cire hula, ya rage murya:
"Allah ya jiƙan rai. Ku wuce lafiya."

Ban gyara masa ba.
Tunau ya danne dariyarsa har kwanar gaba ɗaya.

Sai hadari ya taso ta gabas, baƙi ƙirin,
Ashe tamfol ɗin aro da huji a tsakiya.
Na tuɓe riga na cusa, na kife a kansa,
Ruwa na dukan gadon bayana kamar bulala,
Ina tuna shanuna, ina tuna Yaya Ige,
Ina cewa ya Rabbi, ni dai in jiƙe, ka bar kaya.

Bayan isha muka ga fitilun Zuru.
Hannuna na ƙaiƙayin in tada janareta,
Isiyaku ya kira: "Kul! Bar shi ya kwana,
Ko baƙo sai ya huta ake tambayarsa labarin tafiya."

Na kwana a tabarma, ban ko runtsa ba.
Da hantsi muka mai da tawada, muka saki kan,
Gwajin farko ya fito babu rawaya.
Cikina ya ɗuri ruwa. Muka wanke, muka sake,
A karo na uku ta ɓullo siririya
Kamar tsakiyar ƙwai, layi bai tsinke ko ɗaya.

Tunau na bakin ƙofa yana jiran cikon kuɗinsa,
Ya ce in buga masa abin liƙawa a mota.
Na ce me za a rubuta? Ya sosa ƙeya,
Ya ce, "Sa: Sannu ba ta hana zuwa.
Amma ka yi shi ƙanana, kar direbobin Koko su gani,
Su ce Tunau ya tsufa, ya fara tsoron hanya."