Faifan Raga

A Kandara, bayan shagon mai ful da tamis,
hawa biyu, ɗaki ɗaya, fanka mai tari,
nan kekena yake, nan ni Tasalla nake.
Shekara talatin ina kalmashe bakin abaya,
baƙi kan baƙi, har idona ya manta launi.

Ran wata Talata sai ga baƙuwa,
doguwa, wuya kamar na zalɓe,
Malama Darya, mai koya wa yara rawar bale.
Ta ce, "Riga nake so, sunanta tutu."
Na ja mayafi na toshe bakina.
Ta ina zan fara gaya wa baiwar Allah
abin da tutu yake nufi a gidanmu?

Ta buɗe littafi kan teburin yanka.
Shafin farko, mata a fadar Turawa,
riga har ƙasa, nauyin buhun gero,
an ɗaure ƙugu da ƙashi da igiya,
rawar duk a wuya take da yatsun hannu.
Shafi na gaba an rage taƙi guda,
idon sawu ya leƙo, gari ya ɗauki surutu.
Sai wata fara, sakayau, mai buɗin ƙararrawa,
ta tsaya a ƙwauri kamar hayaƙin turare.
Nan ta yi shiru, ta ɗora yatsa.
Fitilun dandali a ƙasa suke, da harshensu,
raga kuwa ba ta gardama da wuta.
Akwai waɗanda suka shiga da rawa
ba su fito ba.

Daga nan almakashi bai huta ba.
Gwiwa. Cinya. Har ta miƙe a ƙugu,
shimfiɗaɗɗiya, zagayayya.
Na ce, "Wannan ai faifai ne."
Ta ce, "Ƙafa ce ke magana,
riga matsawa take yi don a ji ta."

Dare goma sha ɗaya na yi a kanta.
Raga kamar gidan sauro, sai dai ta fi taurin kai,
falle goma sha biyu,
kowane ya ɗara na ƙasansa da yatsa biyu.
Tattara, ɗinke, tattara, ɗinke,
allura ta sha jinina sau uku.
Ta farko ta langaɓe kamar kunnen akuya.
Ta biyu ta tsaya.

A dare na tara Kaka Ige ta faɗo mini.
Daga Haɗeja ta taso da zanen saƙi har idon sawu,
shekara shida a hanya, tsinkar auduga a Jazira,
sannan a ƙafa har Sawakin, bakin Bahar Maliya.
Duk inda ƙaya ta tsaga mata dunduniya
sai ta yagi bakin zane ta ɗaure.
Ta ce ranar da ta hau jirgin ruwa
da ƙyar zanen ya rufe gwiwa,
ba ta kuma ji kunya ba, ƙafar ce ta kawo ta.
Ita babu wanda ya zana ta a littafi.

Ran wasan, mata zalla, wani zaure a Rauda,
aka ba ni kujera can baya, kusa da ƙofa.
Yarinya, Rimas, shekara goma sha uku,
ta tashi kan yatsu, ta juya, ta sake juyawa,
faifaina na shawagi, ko karkacewa bai yi ba.
Uwaye fuska suke kallo.
Ni ɗinki nake kallo, na hagu, wajen maɗauri,
inda farin zare ya ƙare mini da asuba
na ƙarasa da baƙin zaren abaya.

Bai nuna ba.

Na koma Kandara a motar haya,
burbushin raga maƙale a hannun rigata.
Na gan shi, na bar shi.