Kamu Ɗaya

Ubana ne ke yanka ramukan filin golf na garinmu
tun kafin tsuntsayen teku su farka.
Ya durƙusa a raɓa, ya murɗa ƙarfensa,
ya ciro dunƙulen ƙasa, ya kafa tuta,
ya ce, "Lachlan, rami ba ya gudu.
Mutum ne ke gudunsa."

Ina da shekara tara na gaji sandar wani likita,
aka datse ta don ta yi daidai da tsawona.
Ina da sha tara na bar arewacin Scotland
da jaka ɗaya da rigar sanyin da uwata ta saƙa.

Shekara ashirin da biyu ina bin farar ƙwallo.
Jirgin asuba, masauki mai warin taba,
kofi uku na ci, ƙanana,
ɗaya Ishbel ta riƙa zuba furanni a ciki
kafin ta gaji da mijin da ba shi da Lahadi.

Murdo ke ɗaukar mini jaka.
Ya tsinki ciyawa, ya watsa sama,
ya karanta iska kamar wasiƙar gida.

Sai ranar nan.
Rami na sha takwas, ana yayyafi,
dubban mutane sun haɗiye numfashi,
tsakanina da babban kofi kamu ɗaya.
Kamu ɗaya! Ko mai rarrafe ya tura ta.
Hannun da ya ci da ni ya ɗauki rawa.
Ƙwallo ta leƙa rami, ta gaishe shi,
ta wuce abinta.

Tun daga nan hannu ya yi mini tawaye.
Na sake sanda, na sake riƙo, na sake likita,
abin da ya ci Doma bai bar Awai ba:
har cokalin shayi sai da ya koyi rawar.

Yau ina cikin ɗakin gilashi a bisa tudu,
makirufo a bakina, ana biyana in yi raɗa.
Wanda ya faɗi a rijiya
shi ake tambaya zurfinta.
Na iya cewa, "Ta ɗan karkata hagu,"
na iya dariyar da ba ta tayar da mai barci.

Jiya wani yaro, Callum Rennie,
ya tsaya a rami na sha takwas, kamu ɗaya.
Na ga babban yatsansa ya yi fari a kan sanda.
Wata murya a kunnena tana cewa,
"Yi magana, ba su labarin taka."
Na danne maɓalli.
Na bar wa masu sauraro ƙarar tuta,
da tarin wani tsoho can baya,
da teku.

Ta faɗa.
Ƙarar nan, ƙwas, da na yi shekara sha shida ina bin bashi.

Da dare waya ta yi ƙara.
Murdo ne, daga gidan tsofaffi,
rediyonsa na ta shiii a bayansa.
Bai gaishe ni ba.
Ya ce, "A rami na sha huɗu ka ce iska daga tudu take.
Daga teku take, Lachlan.
Kullum daga teku take."